Kasuwar Terminus: Yadda 'Yan Kasuwar Jos Ke Biyan Kuɗin Rashin Shugabanci Sau Biyu

JOS — Ranar Litinin 5 ga watan Agustan 2024 gari ya waye wa 'yan kasuwar Terminus da ke tsakiyar birnin Jos suna zaune a gidajensu, shagunansu kuwa a garƙame. A daren da ya gabata ne Gwamnan Jihar Filato, Caleb Mutfwang, ya kafa dokar hana fita ta sa'a 24 a Jos da Bukuru, bayan wasu ɓata-gari sun fasa shaguna a Hanyar Bauchi da mahaɗar Zololo, kwana huɗu da soma zanga-zangar ƙin jinin tsadar rayuwa da rashin iya mulki wadda ta game sassa da yawa na Nijeriya.

Kukan da masu zanga-zangar suka fito da shi ba baƙo ba ne ga 'yan kasuwar. Daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar mai ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 600 cikin wata biyu. Dalar Amurka da ake sayarwa kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.19 cikin ɗari a watan Yunin 2024, ta kayan abinci kuwa ta kai kashi 40.87. Duk mai shago ya ga wannan a aljihun masu saye tun kafin ya ji shi a rediyo.

Ke nan ɗan kasuwar Terminus kan biya kuɗin rashin shugabanci nagari sau biyu. Yakan biya na farko a hankali, ta hanyar faɗuwar darajar Naira da tsadar sufuri da rashin wurin ciniki na ƙwarai. Yakan biya na biyu a dunƙule, ran da fushin jama'a ya fito titi, a rufe masa shago ko a wawashe shi. Tarihin wannan unguwa ta kasuwanci ya nuna cewa biya na biyu ne ya fi jan hankali, amma na farko ne ya fi cin jari, kuma shi ne ke haifar da na biyun.

Garin kuza da jirgin ƙasa

Sunan Terminus ya samo asali ne daga tashar jirgin ƙasa, wato inda layin dogo ya tuƙe. Turawan mulkin mallaka sun kawo ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa tsaunukan Filato a shekarar 1914 domin kwasar kuza, sa'an nan babban layi ya iso Jos a shekarar 1927 ta Kafanchan. Haƙar kuza ita ce ta tara Hausawa da Ibo da Yarbawa da Urhobo da sauran ƙabilu a wuri ɗaya da Birom da Anaguta da Afizere, kuma cinikin abinci da tufafi da kayan masarufi na waɗannan leburori shi ne tushen kasuwar Jos.

Tun a zamanin Turawa aka fara ganin alamar abin da zai riƙa addabar garin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa aikin haƙar kuza, kaya suka yi ƙaranci, farashi ya tashi. A watan Yunin 1945 ma'aikatan Nijeriya suka shiga yajin aikin gama-gari na kimanin mako shida a kan alawus na tsadar rayuwa, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ya yi fice wajen jagorantarsa. Yajin ya tsayar da jirage, ya ƙara tsananta ƙarancin kaya. A watan Oktoba na wannan shekara rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Ibo a Jos, kuma daga kasuwa ya taso. Matsin da gwamnati ta haddasa ya ƙare a faɗa tsakanin masu neman abinci a rumfuna maƙwabtan juna.

Bayan samun mulkin kai kuza ta fara ja da baya, man fetur ya karɓe hankalin gwamnati, kuma rugujewar farashin kuza a kasuwar duniya a watan Oktoban 1985 ta ƙarasa abin da ya rage. Ciniki ne ya riƙe garin. Gwamnan soja na Jihar Binuwai da Filato, Joseph Gomwalk, shi ya ƙirƙiro shirin gina babbar kasuwa ta zamani a Terminus, gwamnatocin bayansa, ciki har da ta farar hula ta Solomon Lar, suka ci gaba da aikin, aka buɗe ta a shekarar 1985. Ginin mai dubban shaguna a ƙarƙashin rufi ɗaya ya shiga sahun manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, ya jawo fatake daga Bauchi da Gombe da Yola da Maiduguri, har da Kamaru da Chadi da Nijar, kuma ya zama babbar kafar kuɗin shiga ga jihar. Abin lura a nan shi ne gwamnatoci dabam-dabam, na soja da na farar hula, sun miƙa wa juna aikin har ya kammala.

Kwabo biyu da rabi

Shekara guda da buɗe kasuwar, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP a watan Yulin 1986, bayan ta gayyaci jama'a muhawara kan karɓar rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya, jama'a suka ƙi, ita kuma ta bar rancen ta ɗauki sharuɗɗansa. A watan Satumba aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje. A shekarar 1985 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. Zuwa 1987 sai da kusan Naira huɗu ake samun Dala, zuwa 1993 kuma kimanin Naira 22. Alal misali, ɗan tiredan da ke sarin kayan Dala dubu da abin da bai kai Naira dubu ba a shekarar da aka buɗe kasuwar, bayan shekara takwas sai ya nemi Naira dubu 22 kafin ya cika shagonsa da kaya iri ɗaya, alhali albashin masu saye bai bi wannan gudu ba.

A watan Afrilun 1988 gwamnati ta ƙara kuɗin litar fetur daga kwabo 39 da rabi zuwa kwabo 42. Ƙarin kwabo biyu da rabi ne kacal, wato kimanin kashi shida cikin ɗari, amma ɗaliban Jami'ar Jos suka fito titi, mutanen gari suka bi su, aka yi arangama da 'yan sanda, aka rasa rayuka, sa'an nan tarzomar ta bazu zuwa wasu garuruwa tare da yajin aiki a jihohi da dama. Jos ce ta kunna wutar a wannan karo.

Dalilin da ƙaramin ƙari ya ta da babbar ƙura yana cikin abin da ya gabace shi. A watan Fabrairu na wannan shekara gwamnati ta rushe shugabancin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC, ta ɗora mata kantoma. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa kuwa an haramta ta tun bayan kisan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a watan Mayun 1986. Da gwamnati ta toshe bakunan da za su kai mata koke a teburi, sai titi ya zama wurin magana, kuma a titi babu wanda za a zauna da shi a yi yarjejeniya. A watan Mayun 1989 wata tarzomar da ta fi wannan muni ta tashi daga Jami'ar Benin ta isa Legas da wasu birane. Amsar gwamnati ita ce rufe jami'o'i da kuma shirin rage raɗaɗi, wanda ya haɗa da kafa Bankin Al'umma a watan Oktoban 1989. Manufar da ta jawo kukan ba ta canja ba.

Daga kukan tsada zuwa faɗan maƙwabta

Matsalar Jos ta ɗauki wani salo bayan shekarar 1991, lokacin da gwamnatin Babangida ta raba Ƙaramar Hukumar Jos gida biyu, ta ƙirƙiro Jos ta Arewa, wadda Terminus ke cikinta. Birom da Anaguta da Afizere sun ɗauki rabon a matsayin dabarar miƙa tsakiyar birnin ga Hausawa da Fulani, su kuwa Hausawa da Fulani, waɗanda kakannin da yawansu suka zauna a garin tun farkonsa, suna ganin an daɗe ana hana su takardar shaidar zama ɗan ƙasa da muƙamai. A lokacin da ayyukan kamfanoni ke ƙarewa, kujerar ƙaramar hukuma ta zama ƙofar samun aiki da gurbin karatu da rumfar kasuwa, don haka kowa ya ɗaura ɗamarar kare ta.

A watan Afrilun 1994 naɗin Alhaji Aminu Mato a kan shugabancin riƙon ƙwarya na Jos ta Arewa ya jawo zanga-zangar masu adawa da ta masu goyon baya, ranar 12 ga wata kuma abin ya rikiɗe, aka rasa rayuka, aka ƙone kasuwar Gada Biyu. Ranar 7 ga watan Satumban 2001, bayan makonni ana cacar baki kan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci na ƙaramar hukumar, rikicin da ya ɗauki kusan mako guda ya ci rayuka kimanin dubu, bisa ƙiyasin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch. A ƙarshen watan Nuwamban 2008 zaɓen shugaban ƙaramar hukumar ya haifar da wani rikicin da ƙungiyar ta ce ya halaka aƙalla mutum 700, aka kuma sake wani a watan Janairun 2010.

Duk waɗannan fitinu uku na 1994 da 2001 da 2008 sun taso ne daga muƙamin gwamnati, kuma a kowane karo an ga alamun tashin hankali kwanaki ko makonni kafin ya auku. Bayan kowannensu an kafa kwamitin bincike: na Mai Shari'a Aribiton Fiberesima, da na Mai Shari'a Niki Tobi, da na Yarima Bola Ajibola. Rahotannin biyu na farko sun shafe shekaru a aljihun tebur kafin a fito da su, kuma hukunta waɗanda aka ambata bai biyo baya ba. Sakamakon haka garin ya rabu, unguwanni suka koma na Musulmi ko na Kirista, kasuwanni ma suka bi wannan layi. Ga mai nazarin tattalin arziki, wannan rabuwa haraji ce da ba ta shiga baitulmali: kasuwar da aka tsaga biyu masu sayenta sun ragu, kuɗin dako ya ƙaru, bashin amana tsakanin babban dila da ƙaramin ɗan tireda kuma ya yi wuya.

Kangon da ya gagari gwamnoni

A watan Fabrairun 2002, wata biyar bayan rikicin Satumba, gobara ta tashi da dare ta cinye babbar kasuwar Terminus. Ba a taɓa samun bayani guda da kowane ɓangare ya amince da shi ba game da musabbabinta. Dubban 'yan kasuwa suka wayi gari ba jari. Wasu suka bar garin zuwa Abuja da Bauchi da Kano, wasu suka koma ƙananan kasuwannin gefen gari, da yawa kuma suka baza kayansu a bakin Titin Ahmadu Bello da Titin Murtala Mohammed da kewayen kangon, a rumfunan katako da kwano.

Gwamnan da gobarar ta auku a zamaninsa, Joshua Dariye, shi ne wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya dakatar ranar 18 ga watan Mayun 2004, lokacin da ya kafa dokar ta-ɓaci ta wata shida a jihar bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, ya naɗa Manjo Janar Chris Alli mai ritaya kantoma. A watan Yunin 2018 wata babbar kotu a Abuja ta ɗaure Dariye shekara 14 saboda karkatar da fiye da Naira miliyan dubu ɗaya na kuɗin magance matsalolin muhalli, a jihar da haƙar kuza ta bari da ramuka da tafkuna. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 10, kuma a watan Afrilun 2022 aka yi masa afuwa a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Gwamna Jonah Jang ya yi shekara takwas, daga 2007 zuwa 2015, kasuwar ba ta tashi ba.

Cunkoson da rashin kasuwar ya haddasa a bakin titi ya zama tarko. Ranar 20 ga watan Mayun 2014 bama-bamai biyu da aka dasa cikin motoci suka tashi a Terminus, na biyun bayan jama'a sun taru don ceto, suka kashe aƙalla mutum 118. Ranar 11 ga watan Disamba na wannan shekara wasu biyu suka sake tashi a yankin, suka kashe kimanin mutum 30.

Yunƙurin da ya fi kusa da tabbata shi ne na Gwamna Simon Lalong a shekarar 2022, inda gwamnatinsa ta shirya yarjejeniya da Bankin Jaiz don sake gina kasuwar a kan sama da Naira miliyan dubu tara. Kamar yadda aka bayyana a lokacin, bankin zai riƙe kashi 60 cikin ɗari na shagunan, gwamnati kashi 40, na tsawon shekara 40. Ƙungiyoyi da 'yan siyasa da dama suka yi ca, wasu a kan rashin tuntuɓar jama'a, wasu a kan tsawon wa'adin, wasu kuma saboda bankin na tsarin Musulunci ne. A watan Agusta kotu ta dakatar da sanya hannu, shirin ya mutu. Ko sharuɗɗan sun yi kyau ko ba su yi ba, abin da ya bayyana shi ne a garin da aka bar zargi ya yi saiwa shekara ashirin, ko kuɗi sun samu ba a iya aza tubali.

Gwamnatin Mutfwang ta fito da dokar zartarwa mai lamba 003 a shekarar 2024, wadda ta hana kasa kaya a bakin titi, aka kuma tashi masu talla daga kewayen Terminus. A ƙarshen watan Afrilun 2025 wata gobara ta cinye ɗaruruwan shagunan wucin gadi a wurin. Har zuwa shekarar 2025, shekara 23 bayan gobarar farko, ba a mayar da babbar kasuwar ba, alhali shekara 17 kawai ta yi tana aiki.

Lissafin asara

Ranar 20 ga watan Oktoban 2020, zanga-zangar EndSARS ta ƙin zaluncin 'yan sanda, wadda ta shafe kwanaki cikin lumana a Jos, ta rikiɗe a kewayen Titin Ahmadu Bello da Terminus, aka ƙone motoci, aka lalata shaguna, Gwamna Lalong ya kafa dokar hana fita ta sa'a 24 a Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Bayan kwana huɗu dubban mutane suka fasa rumbun ajiyar kayan abinci a Bukuru, inda suka yi imani an ɓoye kayan tallafin annobar korona. Hotunan mutane a kan rufin rumbun sun zagaya duniya. Hausawa kan ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: wawason laifi ne, amma ganin abinci a jibge cikin shekarar yunwa ya tabbatar wa talaka zargin da ya daɗe yana yi.

Asarar irin waɗannan ranaku ba ta tsaya ga shagon da aka fasa ba. Jos cibiyar cinikin dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir ce, kuma kayan gwari da suka kwana biyu a kan mota a Farin Gada sun zama asara ga manomi da dillali da direba. Mai shagon atamfa da ya ɗauko kaya bashi daga Kantin Kwari a Kano ko daga Anacha da Aba, ranar biyansa ba ta ɗagawa don an hana fita. Ɗan dako da mai tura baro da mai sayar da abinci, waɗanda cin yau sai an fita yau, ba su da abin da za su jingina da shi, zubin adashi kuma yakan tsaya. Inshorar gobara ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar tarzoma sai an sayi ƙarin kariya ta musamman, mafi yawan ƙananan 'yan kasuwa kuwa ba su da ko ta farkon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka, wannan asara ta kwanaki ce, ana iya ƙirga ta. Shekara 23 na kuɗin hayar shaguna da harajin da jihar ba ta karɓa ba, da fataken ƙasashen maƙwabta da suka sauya hanya, da jarin da ya yi ƙaura zuwa Abuja, babu hukumar da ke fitar da lissafinsu duk wata, amma sun ninka asarar dukkan ranakun hana fita.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Jos ba ita kaɗai ba ce garin ma'adinai ko na jirgin ƙasa da ya zama mafarin bore a ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka. A Zambiya, lokacin da gwamnatin Kenneth Kaunda ta ninka farashin garin masara a watan Disamban 1986, garuruwan haƙar tagulla ne suka tashi, mutum 15 suka mutu, gwamnati ta janye ƙarin. Da aka sake ƙari a watan Yunin 1990 aka sake tarzoma, kuma a watan Oktoban 1991 Kaunda ya faɗi zaɓe a hannun shugaban ƙwadago, Frederick Chiluba. A Sudan, ninka kuɗin burodi sau uku ya fito da mutanen Atbara, cibiyar jiragen ƙasa, a watan Disamban 2018, kuma ranar 11 ga watan Afrilun 2019 mulkin Umar al-Bashir ya faɗi. Sai dai sojojin da suka gaje shi sun jefa ƙasar cikin yaƙi a watan Afrilun 2023. Bore na iya kawar da shugaba, amma ba ya gina hukumomin da za su hana na bayansa maimaita halinsa.

Misalin da ya fi kusa da 'yan kasuwar ƙasar Hausa shi ne na Jamhuriyar Nijar a shekarar 2005. Gwamnatin Shugaba Mamadou Tandja ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da lantarki. Gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ta yi gagarumin jerin gwano a Yamai a watan Maris, sa'an nan ta kira ranakun zaman gida, inda kasuwanni da shaguna da tashoshin mota suka rufe da kansu a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Gwamnati ta kama wasu shugabannin gamayyar, daga baya ta sake su ta zauna da su, kuma a watan Afrilu ta janye harajin daga fulawa da madara, ta sassauta na ruwa da lantarki. Buƙatar ɗaya ce kuma a fili take, akwai shugabannin da za a yi magana da su, 'yan kasuwa kuma suna cikin tafiyar.

A Nijeriya ma, yajin aikin watan Janairun 2012 ya sauko da litar mai daga Naira 141 zuwa 97 bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya ɗaga ta daga 65, kuma ya tilasta binciken Majalisar Wakilai da ya gano an kashe kimanin Naira tiriliyan biyu da rabi a kan tallafin mai a 2011, alhali kasafin kuɗi ya ware Naira miliyan dubu 245. Wannan shi ne tushen matsalar. Masana tattalin arziki da yawa sun yarda tallafin mai ɓarna ce, amma talakan da ya ga inda kuɗin baya suka shiga ba shi da dalilin yarda cewa na gaba za su koma asibiti da makaranta. Zanga-zangar Agustan 2024, wadda ba ta da shugabanci guda, ba ta sauko da farashi ba: ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24, abin da 'yan sanda suka musanta, litar mai kuwa ta haura Naira dubu a watan Oktoba.

Abin da ya rage wa 'yan kasuwa

Akwai abu guda da Jos ta nuna a kwanakin farko na watan Agustan 2024 wanda ya saɓa wa tarihinta. A mahaɗar Tsohon Filin Jirgin Sama, Musulmi da Kirista sun tsaya wuri ɗaya a kan koke ɗaya, kuma kafofin watsa labarai sun nuna Kiristoci suna tsaron 'yan'uwansu Musulmi a lokacin salla. Tsadar shinkafa ta haɗa waɗanda kujerar ƙaramar hukuma ta raba.

Irin wannan haɗin kai ne ƙungiyoyin 'yan kasuwar Terminus da Majalisar Ciniki da Masana'antu ta Jihar Filato ke buƙata a kan batun kasuwar, domin buƙata ce guda wadda ake iya aunawa. Darasin 2022 ya nuna cewa duk wata sabuwar yarjejeniyar gini sai an buga sharuɗɗanta a fili kafin sa hannu, majalisar dokokin jiha ta saurari jama'a a kai. Ya kamata a tantance sunayen masu shagunan asali na kafin 2002 da magadansu, a kuma bayyana ƙa'idar rabon shaguna tun kafin a aza harsashi, ƙarƙashin kwamitin da kowane ɓangare na garin ke da wakilci a ciki. Sabon gini yana buƙatar tashar kashe gobara da inshorar haɗin gwiwa da ta ƙunshi ɓarnar tarzoma. Haka kuma ana iya yin yarjejeniya da hukumomin tsaro tun ana zaune lafiya, cewa duk ran da aka kafa dokar hana fita za a ware sa'o'in fitar da kayan gwari da shigo da abinci.

Gwamnatocin da suka gina kasuwar tsakanin zamanin Gomwalk da shekarar 1985 sun yi haka ne cikin juyin mulki da ƙarancin kuɗi. Masu zuba jari da ke duban Jos daga Kano da Legas da Abuja za su auna gwamnatin jihar da abin da ta yi da filin Terminus, da kuma yadda ta raba shagunan idan ta gina su.